Gurbin Daren Alhamis

Ni ke riƙe da alli a tasharmu ta Ƙofar Guga,
ta 'yan kwana-kwanan da ba wanda ya ɗauke su aiki.
Ba don na fi su ilimi ko shekaru ba,
rubutuna ne kawai ba ya karkacewa.

Da rana tela nake, ina bin zare.
Da la'asar in zo in yanka mako kamar yadi:
gida bakwai a tsaye, uku a kwance,
kowane gida na neman mutum biyu,
ɗaya ga tiyo, ɗaya ga jakar magani,
ladan kuwa a nan duniya, sannu da zuwa.

Safiya ba ta da wuya, kowa na so.
Sada ya kama Litinin kafin ya buɗe gareji.
Hurera, da ta ajiye aikin asibiti,
ta ce a sa ta ko'ina ban da ranar suna,
hannunta ya saba da jini da haihuwa.

Iro malamin firamare ya ce Asabar.
Yakan zo da takardun yara yana ba su maki
a kan motar da ba ta tashi sai da turawa.

Amma daren Alhamis, sha biyu zuwa asuba,
gurbin ya zama kamar haƙorin da ya fita,
harshe na komawa can ba da niyya ba.
Na Mati ne. Shekara shida nasa ne.
Tun da hayaƙin 'yan katako ya zauna masa a ƙirji,
likita ya ce ya bar gudu, ya bar hawa,
na goge sunansa da tsumma mai ruwa.

Allo ba ya mantuwa.
In fitila ta haska shi ta gefe
sai ka ga M ɗin nan tana leƙowa.

Na bi mutane kamar mai bin bashi.
Wannan cikin matarsa ya tsufa,
wancan da asuba zai kai kaya Jibiya,
ɗayan ya kashe waya da ya ga lambata.
Ban ga laifinsu ba. Barci ma abinci ne,
kuma yaro ba ya ƙoshi da godiyar unguwa.

Sai na sa sunana. Mako huɗu.
Wata Juma'a na ɗinka aljihu a bayan rigar wani,
ya ɗaga ta, ya dube ni, ya naɗe,
ya fita fitar da ba dawowa.

A na biyar, biyu da kwata, waya ta yi kuka:
risho ya fashe a Rafin Daɗi, akwai yaro a ɗaki.
Ni kaɗai. Mota ta yi tari biyu ta yi shiru.
Na sa kafaɗa, ko gezau.
Na sake sawa ina salati,
sai na ji ta yi sauƙi kamar an zubar da ruwa.

Gide ne, mai shayin tsallaken titi.
Ya bar madara a wuta, ya tattare riga,
ya tura har ta kama, ya ɗafe ta baya.
Shi ya riƙe tiyo yana rawar hannu,
ni na shiga da jiƙaƙƙen bargo.
Yaron ya fito yana tari, yana kiran uwa.

Mun dawo ana kiran assalatu.
Madararsa ta ƙone, tukunyar ta yi baƙi.
Ya tsaya gaban allo ya daɗe.
Ya ce, "Tela, ni dama ba barci nake ba,
daga can nake hango ka kana gyangyaɗi.
Ban iya karanta sunana ba,
amma sa ni a nan inda babu kowa."

Na ce sai Hurera ta koya maka
ɗaure rauni da danna ƙirji. Ya ce to.
Na ɗauki alli na zana butar shayi,
da mariƙi, da baki, da ɗan tururi,
gefen harafin da ya ƙi gogewa.

Ɗazu kuma Sada ya aiko yaronsa:
Litinin yana da zaman kotu kan fili.
Na juya ga allo. Allin ya kusa ƙarewa.