Kangon Gidan Mamuda

Shekara bakwai ke nan da aka fitar da Mamuda
ta ƙofar da yanzu ba ta da ƙyaure.
Magada sun watse, wani Kano, wani Kurmi,
wani ya ce sai an raba komai, har turmi.
Gida kuwa ba ya jiran alƙali.
Damina ta zo ta ɗebi rabonta,
gara ta ci azara, jemage ya gaje ɗaka.

Mu da ke jingine da shi a lungun Marina, nan Taura,
mu muka gaji saura.
Tumfafiya ta kai ƙugu, zaƙami ya yi 'ya'ya,
ramin da aka haƙi ƙasar gini ya zama kududdufi,
sauro na tasowa da magariba kamar an tashi kasuwa.
Kububuwa ta sari akuyar Hakama a gindin rumbu.
Da dare wasu samari, ba mu san iyayensu ba,
su shiga da kwalabe, su fito da tangaɗi.

Katangar ta yi ciki, ta sunkuyo kan hanya.
Duk safiya Talle ƙaramina zai bi ta ƙarƙashinta
da jakar firamare,
ni kuma in riƙe numfashi har ya wuce.

Muka taru a zauren mai unguwa Barau,
kowa da bakinsa.
Aka yi karo-karo, ɗari bibbiyu,
kuɗin takarda da na babur zuwa sakatariya.
Sau uku Jibo tela na rufe shago ya je.
Ran farko ba a zo ba, na biyu an tafi ta'aziyya,
na uku aka ce a dawo bayan albashi.
Ya ce, "Takalmina ya fi ni sanin ofishin nan."

Wata Laraba sai ga duba-gari,
Malam Tanimu, biro a kunne, gwangwanin jan fenti a hannu.
Ya zaga kangon, ya toshe hanci, ya rubuta,
ya shata ja a katanga: sati uku.
Muka yi ta hamdala, ni na fi kowa ɗaga murya.

Sai ya tsuguna a gindin katangar,
ya bi danshi da ido, taki ɗaya, taki biyu,
har bakin kwatar gidana.
"Wannan ruwan na wa?"
Lungu ya yi tsit. Kaza ma ta daina tono.
Shekara bakwai ina zagin magada,
ashe ruwan wankinmu ke ci wa katangar gindi.
An ce laifi tudu ne. Ina tsaye a kan nawa,
shi ya sa nake hangen nesa.
Na karɓi takardata, na ninke ta huɗu, na cusa a hula.

Asabar ta gayya, fartanya da shebur, baro da amalanke.
Hakama ta aiko da kunun tsamiya a bokiti.
Da hantsi sai ga Isuhu, autan Mamuda,
ya sauka motar Kano a fusace, sammaci a hannu.
Ya shigo zai yi magana,
ya tarar an nome tsakar gida,
duwatsun murhu uku sun fito, baƙinsu bai goge ba.
Ya tsaya yana kallo, ya daɗe.
Ya tuɓe babbar riga, ya rataye a kan tsohuwar durumi,
ya ce wa Jibo, "Ba ni shebur ɗin."

Katangar mun kwantar da ita da hannunmu
kafin ta zaɓi wanda za ta kwanta a kai.
Ƙasarta ta cike kududdufin.
Ni na haƙa wa ruwana rami a cikin gida,
kwana biyu bayana na ciwo.

Maganar gado har yau tana kotu.
Wani ya shuka kuɓewa a filin, ba a san ko wa ba.
Jiya Talle ya wuce yana shan rake,
ina ɗaurin igiyar guga,
ban ko ɗaga kai ba.