Jan Baki da Koren Baki

Ranar Talata Malama Jharna ba ta buɗe littafi ba.
Ta ce, "Kowa ya ɗauko kwalba,
yau darasinmu yana bakin famfo."
Muka fita mu talatin da ɗaya, a jere kamar 'ya'yan agwagwa,
ta kan kunyar gonakin shinkafa,
laka tana tsotsar silifa,
kogin Meghna can yana tafiyarsa, bai san da mu ba.

A ƙauyenmu famfo iri biyu ne,
mai jan baki da mai koren baki.
Na san haka tun ina rarrafe,
amma ban taɓa tambayar wanda ya shafa fentin ba.

Ta tsaya a na gidan su Ripon. Ja ne.
Ta tuƙa, ruwa ya zubo garau, da sanyi kamar na randa.
"Ku shinshina." Ba wari.
"Ku duba." Ko ƙwayar datti babu.
Sai ta zuba magani a kwalba, ta saƙala siririyar takarda, ta toshe.
Muka ƙirga mintoci da yatsu.
Takarda ta yi rawaya, ta juye ruwan ƙasa.
"Ga abin da ido ya kasa.
Sunansa asenik, yana kwance a ƙasa tun kafin kakanninku.
Kimiyya ke nan, a tsare ruwa da tambaya
har ya faɗi abin da ya ɓoye."

Moyna ta ce, "To wane mugu ya haƙa mana shi?"
"Ba mugu ba ne. Je ki tambayi kakarki
'ya'ya nawa ta binne zamanin shan tafki,
lokacin da amai da gudawa ke ɗauke yaro
tsakanin azahar da magariba.
Famfo ya zo, ƙananan kaburbura suka ragu.
Gudun gara aka yi, ba wanda ya hango gidan zago.
Haka fasaha take,
tana amsa tambayar da aka yi mata,
ta yi gum a kan wadda aka manta."

Muka miƙe zuwa koren.
Tafiya ce, har Shapla ta soma ɗingishi.
Mai zurfi ne, ya wuce inda gubar take,
da sunan gari aka haƙa shi,
amma yana cikin katangar Mokbul Miya,
ga kwaɗo a ƙofa, ƙato, sabo fil.

Tuhin bai cika magana ba.
Uwarsa na da baƙin tabo a tafin hannu,
takan naɗe shi da gefen mayafi in za ta miƙa canji.
Ya taɓa kwaɗon, ya ce,
"Malama, wannan fa, da wace takarda ake gwada shi?"

Ta daɗe tana kallonsa.
Hankaka ya sauka a katanga, ya tashi.
Ta ce, "Ba ni da ita a jaka.
Wannan sashen darasin ku za ku rubuta."

Mako uku muna zana taswira a bayan tsohuwar kalanda,
jan ɗigo arba'in da biyu, kore huɗu.
Muka ƙirga takun kowace uwa da tulu a kwankwaso.
Ranar taron dattawa Moyna ta karanta lissafin,
muryarta na rawa, takardar na rawa.
Wani ya ce yara ba su da kunya.
Wani tsoho ya ce a sake karantawa.

An buɗe kwaɗon, daga asuba zuwa hantsi kawai.
Tabon uwar Tuhin bai goge ba.
A jarrabawa babu tambaya ko ɗaya a kan wannan,
na ci hamsin da shida.

Har yau in an miƙo mini ruwa a baƙon gari
nakan sha, in yi godiya,
sannan idona ya tafi neman bakin famfon,
daga nan ya nemi ƙofa.