Anju a Gonar Kawu

Shefali ta zo da damina, 'yar ƙanwata,
kwana biyu a jirgin ƙasa daga Bangalor,
da takalmin roba har gwiwa
da akwatin kwalabe, kowace da lambarta.
Ta ce, Kawu, kifi na zo gani.
Na ce ga kogin Torsa can, akwai manya.
Ta ce a'a, ƙananan nan masu zane,
ta miƙo mini hoto a wayarta.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Anju? Wanda ko kyanwa sai ta rasa take dubansa?

Ta ce shekara shida tana yi musu bauta.
A ɗakin bincikensu dubu tara ne,
a gidajen gilashi, bene kan bene.
Fitila ce ranarsu, agogo ke kunna ta,
ruwansu bai san zafi ba, bai san ɗari ba,
abinci da cokali, a kan lokaci.
Wai a kan yanki zuciyar ɗaya
ta sake tohowa kamar rama bayan sara,
likitoci na leƙe ko za su koyi sirrin.
Amma ba ta taɓa ganin ɗaya a laka ba.

To, cire takalmin, na ce.

Muka bi kunyar shinkafa da sassafe.
Ruwan iya idon sawu, ruwan shayi da madara,
inda ɓauna ta kwanta jiya ya fi duhu.
Tsaya cik. Kar inuwarki ta riga ki.
Ga su nan,
bakwai, goma, ba sa tsayawa a ƙirga,
suna tsinke 'ya'yan sauro a gindin kainuwa,
namiji na korar mace cikin saiwa,
ƙwai na zuba a taɓo, babu mai gadi.

Ta tsoma ma'aunin zafinta, ta zaro, ta sake tsomawa.
Ta ce a littafi wannan zafin ya yi musu yawa.
Na ce ba su yi makaranta ba.

Komarta ta birni ta kamo ciyawa.
Sai Tarubala ta kwance tsohon mayafinta,
mu biyu muka ja shi, kamar muna yara.
Sha ɗaya suka fito suna walƙiya.
Ramammu ne, ta ce, nawa sun fi ƙiba.
Ɗaya babu rabin wutsiya.
Wa ya yi masa? Ko zalɓe, ko tarwaɗa,
ko ɗan mazari da ke kwanto a ƙasa.
A nan kowa da bakin da ke jiransa.

Ta tambayi inda suke zuwa da rani.
Na nuna mata ramin bayan gora,
da magudanar da masu toya bulo suka cike bara.
Wanda ya bi ruwa ya koma rafi, ya sha.
Wanda ya yi jinkiri, balbela ta yi buki.
Kaɗan ne ke ganin damina biyu.
Amma hadarin farko na zubowa,
sai ka ga gona ta cika da su,
ban san ta inda suke shigowa ba,
shekarata sittin da huɗu ban kama hanyar ba.

Matsattsaku ya kama ta a ƙauri,
ba ta ji ba, tana tsugune.
Ta daɗe da mai guntuwar wutsiya a tafin hannu,
ruwa na tsiyaya ta tsakanin yatsu.
Kwalba na buɗe, lamba na jira.
Ta sauke hannun cikin ruwa.

Da yamma ta cika kwalaben da laka,
ta rubuta sunan gonata a jikin kowace.
Tarubala ta ce a wanke mayafin,
ƙarni yake yi.