Ƙasa da Sifili

Takardar ba ta fi faɗin faifai ba.
Inna Tabawa ta riƙe ta a juye,
ta ce, "Karanta mini, ke da kika zauna aji.
Me injin ya hango a ƙuguna?"

Lamba ya gani, Inna.
Biyu da ɗigo tara,
da wani ɗan kara kwance a gabanta
kamar tsinken da aka manta a bakin ƙofa.

Dakta Kachollom ta ɗora biro a kan karan.
"Wannan alamar bashi ce.
Ƙashi asusu ne, Mama:
kin zuba da ƙuruciya,
yanzu ana ɗiba, ba a mayarwa.
Daga biyu da rabi muke kiran sa ciwo."

Inna ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Tana 'yar sha huɗu ta fara ɗaukar kwanon kuza
daga rami zuwa bakin ruwa a Bukuru,
sawu talatin kafin azahar.
"Ai na san irin wannan ƙasar," in ji ta.
"Sama ciyawa shar, shanu na kiwo,
ƙasa kuwa an rarake.
Ranar da za ta rufta ba ta sallama."

Muka gangara Taminus da takarda ta biyu.
Mai kantin magani, wani dogo mai tabon goshi,
ya jera mana farashi a bayan kwali.
Allura sau biyu a shekara:
kuɗinta ya haɗiye keken ɗinkina har da zare.
Ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara:
na lissafa ɗinkin Sallah biyu, bai kai ba.
Sai ƙwaya, ɗaya tak a mako.

Ita ma kwali biyu gare ta.
Ɗaya na sheƙi, da hoton tsohuwa tana tsalle,
ɗaya fari fat kamar bangon asibiti.
Ya ce, "Bar babban rubutu, wannan talla ne.
Dubi ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa.
Suna ɗaya, nauyi ɗaya, ga lambar hukuma."
Na kira likita a waya, na karanta mata harafi harafi.
Ta ce, "Shi ne. Ƙodarta lafiya, mun duba.
Amma a fara kai ta wajen mai haƙori."

Na ɗauki farin.
Kunya ta ɗan taɓa ni, ban san dalili ba,
kamar na saya wa uwata atamfa mai araha.
Inna ta ce, "Tsohuwar da ke tsalle
ba ta taɓa ɗaukar kwano ba. Mu je."

Yanzu kowace Litinin, bayan asuba,
sanyin Gangare na cizon yatsu,
sai ta haɗiye ƙwayar da kofi cike da ruwa.
Ba koko, ba goro, ba kwanciya
sai rabin sa'a ta wuce.
An ce zama ma ya isa, in dai baya a miƙe.
Ta ƙi.
Tana tsaye a bakin zaure da carbi,
tana jiran rana ta leƙo ta kan duwatsu
don ita ma, wai, tana cikin magani,
ita da kindirmo da ƙananan kifi.

Sai bayan shekara biyu injin zai sake magana.
Ban san me zai ce ba.

Abin da na sani shi ne ƙusar nan
da take rataye mayafi tun ina goye.
Bara hannunta ya daina kai wa.
Jiya tana barci na zare ta,
na sauko da ita taƙi guda.
Da safe ta rataye mayafinta,
ta daɗe tana kallon tsohon ramin.
Ba ta ce komai ba, ni ma haka.