Tantin Gwanjo

Ranar Asabar, albashi na shure-shuren mutuwa,
na gangara Katako da dubu goma sha takwas a cikin safa,
ina neman ɗakin da zan iya goyawa.

Haladu mai gwanjo ya kwance dila.
Warin damunar wata ƙasa ya tashi,
warin ciyawar da ban taɓa takawa ba.
Ya ce, "Ga wannan, ja, dogo,
a tsaye za ka sa wando, ba sunkuyo."
Na ce, "Haladu, Shere zan hau, kuma a Agusta.
Iskar can ba ta shiri da mai girman kai.
Duk wanda ya ɗaga kafaɗa, ita ke sauke masa."

Ya yi dariya, ya tono wani daga can ƙasa,
kore, ya koɗe kamar kabejin da ya kwana uku a Farin Gada,
gajere, mai doro, a durƙushe kamar kunkuru.

Na ɗaga shi ga rana ina neman taurari.
Biyu na gani, ƙanana, kamar kafar allura.
Na bi ɗinkin da farce, layi bayan layi,
yadda Inna ke tsince tsakuwa a shinkafa.
Zif ya yi gardama sau ɗaya, sannan ya bi.
Rufi biyu ne, na ciki don numfashi,
na waje don shan duka.
Na lanƙwasa sandar alminiyam,
ta dawo daidai, ba ta yi ƙorafi ba.

Na ari butar maƙwabcinsa, na tuttule masa a baya.
Ruwan ya dunƙule, ya gangare kamar a jikin agwagwa.
'Yan kallo suka taru.
Wani ya ce, "Malam ba shi da gida ne?"
Na ce, "Akwai. Ɗaukarsa ce ba ta yiwuwa."

Ashirin da biyar.
Sha uku.
Albarka!
Muka yi ta ja har ladan ya kira azahar,
aka tsaya a sha shida, babu turaku, babu jaka.

Mai faci a Dilimi ya rufe idon taurarin nan da guntun roba.
Mai walda ya yanka mini rodi takwas, ya tanƙware kawunansu.
Da dare na goge kowane ɗinki da kyandir,
Hansai na kallo daga bakin ƙofa,
ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

A kan dutse Izang ya nuna da sandarsa:
"Ban da kwari, nan ruwa ke taron dangi.
Juya ƙeyarsa gabas."
Dalyop ya kafa nasa, sabo fil daga Abuja,
mai taga huɗu, har da baranda.
Ya dubi nawa ya ce, "Akurki."

Ƙarfe ɗayan dare hadarin ya iso.
Iska ta fara da lallashi, ta koma mari.
Ƙanƙara ta zubo kamar ana sheƙar masara.
Kunkuruna ya lotsa, ya taso,
ya lotsa, ya taso,
ina kwance ina ƙirga rodi takwas kamar carbi.

Sai na ji ana kankarar zif daga waje.
Dalyop ne, sharkaf, da takalmi ɗaya a hannu.
Barandarsa ta riga shi sauka gari.
Na matsa. Akurki ya ɗauki zakara biyu.

Kusurwa ɗaya ce ta ci amana,
inda kyandir ɗina ya ƙare.
Ɗis. Ɗis. Na tara kofi.

Da asuba hazo ya rufe Jos gaba ɗaya,
sai kan hasumiya ɗaya da kukan wata mota.
Kofin ya cika rabi.
Da shi muka soma dafa shayi.