Lamba Sittin da Uku

Shekara goma sha tara ina ɗinkin ƙarfe a Tema,
wuta a hannu, baƙin gilashi a fuska.
Warin fetur ya zauna mini a fata
har Memunatu ta daina ƙorafi,
ta ce ko a duhu ta san mijinta ya shigo lungu.

Ran da aka rufe sashenmu an kafa rumfa,
an jera kujerun roba, an raba ruwan leda.
Wani mai kwat ya nuna sama da yatsa,
ya ce, ga sabuwar rijiyarku can, ba ta ƙafewa.
Muka ɗaga kai muka dubi rana
kamar a ranar aka fara fito da ita.
Aka tafa. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba.

Mako shida aka ce za a koya mana.
Kwana huɗu muka yi.
Faifan sola guda ɗaya, mu ɗari biyu da sha ɗaya,
kowa ya shafa ya wuce
kamar mai taya goron da ba zai saya ba.
Aka ba mu hula, aka ɗauki hoto.
Hular tana nan a ƙusa.
Hoton kuwa na gan shi a allo bakin titi,
ina dariya,
haƙorana sun fi ƙofar ɗakina faɗi.

Yanzu duk Talata ina barin Nima da sassafe,
kokon safe a ciki, takarda a leda don gumi.
Akawun, Mista Kwate, mutumin kirki ne.
Yana ba ni kujera.
Ya ce fayil ya hau sama.
Ya ce fayil ya sauko, amma mai sa hannu ya yi tafiya.
Ya ce an sake wa shirin suna.
Jiya bai ce komai ba, ya miƙo mini gyaɗa.

Ba bara na zo ba, ranka ya daɗe.
Ina da takardun albashi na shekara goma sha tara
a cikin gwangwanin madara,
kowace da layin da aka cire haraji.
Ba a taɓa ce mini mai cirewa ya yi tafiya ba.

Ku faɗa mana kuɗin nawa ne.
Ku faɗa mana wa ya karɓa, ran wace rana.
Akwatin kayan aiki da aka ce kowa zai samu,
a wace mota aka loda shi, ina ta tsaya?

Gariba yana acaba da ciwon baya.
Tanko ya bi masu haƙar zinari, ba waya.
Isifu mun kai shi makwanci watan azumi,
sunansa har yau yana jiran akwati
a lamba sittin da biyu.
Ni ne na ƙasa da shi.

Watan jiya aka kafa fitilar sola a bakin lungunmu.
Ɗan kwangila ya zo da yaransa, ba wanda ya tambaye mu.
Barikisu ta fara karatu a ƙarƙashinta in an ɗauke wuta.
Na duba gindin ƙarfen. Walda kamar kashin kaji.
Iskar hadari ɗaya za ta kwantar da shi a kan yara.

Na ari inji wajen Fuseni mai gyaran ƙofa,
na sa tsohon gilashina,
na ɗinke shi zagaye, lafiyayye, irin na bututu.
Ba wanda ya biya ni. Ba wanda ya ɗauki hoto.

Rana ba ta yi mini alkawari ba,
ba ni da magana da ita.
Mai kwat ne ya yi.
Talata ina tafe, Mista Kwate.
Ka ajiye gyaɗar.