Baƙin Wando

Ranar da suka zare maka roba a asibitin tarayya
na ce alhamdu lillahi, mun huta.
Ashe hutun bai biyo mu gida ba.

Kai da muryarka ke tsaga Tudun Hatsi
in cinikin wake ya yi zafi,
yau tari kake tsoro.
Ko atishawa ka yi, sai ka saci kallon cinyarka.

Mako uku ba ka taka masallacin Bolari ba.
Ka ce ƙafa ce. Na ce to, ƙafa ce.
Na aiki Hajjo ta yanko baƙin yadi,
wando huɗu na ce Bappa tela ya ɗinka,
ban yi masa bayani ba, shi ma bai nema ba.
Na kai wa Malam Jungudo tambayar wata maƙwabciya
wadda babu ita.
Ya ce mai lalura ya yi alwalarsa ya shiga sahu,
wanda ya ɗora nauyin ya san nauyinsa.

Shayin dare na mayar da shi na hantsi,
ka yi kwana biyu kana gaishe ni da ka.
Zogale, kifin Daɗin Kowa, gishiri kaɗan.
Bayan asuba mu taka zuwa gindin tsamiya mu juyo,
kana matsewar nan da likita ya koya maka,
ni ina ja maka ƙidaya a carbi.

Sai daren Laraba, fuskarka na bango:
"Uwani, in kina so, in sauwaƙe miki."

Shekara talatin da ɗaya!
Kuka na nufa, dariya ta riga shi fita.
Ka sauwaƙe mini me, munsharinka?
Da na yi wata biyu kwance bayan haihuwar auta,
wa ke wanke zanin gado cikin dare
ya shanya bayan ɗaki kada kowa ya gani?
Ba biyan bashi nake ba, kada ka fara lissafi.
Juyo kawai. Miƙo hannun nan, sanyi nake ji.
Sauran, in ya dawo, ya same mu a nan,
in bai dawo ba, mu dai muna nan.

Juma'a ka sa baƙin wando ka fita.
Sai la'asar sakaliya ka shigo kana faɗa,
wai yaran nan sun karyar da farashi,
buhu guda ba su iya aunawa ba.
Ka yi tari har sau biyu
ba ka dubi ko'ina ba.

Ban ce komai ba.
Na zubo maka ruwa, rabin kofi.